Dutsen giranda ba mutuwa yake ba, koɗa yake nema

Assalamu alaikum Malam Edita. Ina gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Ni mai bibiyar jaridarku ne a waya daga nan Agege a Legas, sana'ata walda da aikin ƙarfe, get da taga da gadon ƙarfe da ƙafar tanki, sannan ina wasa wuƙaƙe da cizil da bakin diril idan an kawo. Dan Allah ina roƙon ɗan fili. Maganar da ta kawo ni ba ta siyasa bace, a kan dutsen giranda ne, wato zagayayyen dutsen nan da ke jikin injin wasa wanda ake kafewa a kan tebur, da kuma wani ɗan ƙaramin ƙarfe mai daimon a baki da ake gyara fuskar dutsen da shi, wanda muke ce ma diresa. Na san ba kowa ne zai ga girman maganar ba, amma ni sati uku da suka wuce na riƙe hannun yaro a cikin keke napep jini na bin gwiwar hannuna har muka isa asibiti, tun ranar abin bai bar raina ba.

Yaron ba nawa bane, na maƙwabcina ne da shagonsa ke kallon nawa. Ɗan wajen Jigawa ne, da acaɓa yake yi a Ikeja, da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 daga ranar 1 ga watan Yunin 2022 kuma Ikeja na ciki sai ya sayar da mashin ɗin, ya taɓa wannan ya taɓa wancan, daga baya wani yayansa ya kawo shi koyon walda. Irinsa suna da yawa yanzu a shagunanmu, daga Agege har Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, samari ne da suka girma kafin su fara riƙe ƙarfe, ga ƙarfi ga zuciyar nema, amma babu wanda ya zaunar da su ya ce ga abin da injin nan yake so ga abin da ba ya so. Ranar an ba shi wani guntun ƙarfe bai fi tsawon yatsa ba aka ce ya goge masa baki. Dutsen ya yi baƙi ƙirin yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, ga wani kwari a tsakiyarsa, ba ya ci sam, to da yaro ya ga ba ya ci sai ya danna da duk ƙarfinsa kamar yadda ya ga kowa na yi. Shi kuma ɗan teburin nan da ake ɗora aiki a gaban dutse tun da aka sayi injin ba a taɓa matso da shi ba, dutse ya cinye ya ragu, tsakaninsu babban yatsana zai shige. Ƙarfen ya kuɓuce ya faɗa ramin ya ja hannun yaron. Ni ƙarar kawai na ji, wani irin gaf, sai salati. Kan manuniyarsa ya tafi har da farce, yatsar tsakiya kuma sai da aka yi ɗinki.

Maƙwabcin nawa mutumin kirki ne, shi ya biya komai na asibiti bai bari ɗan uwan yaron ya fidda ko sisi ba. Da muka dawo muna zaune a benci ya ce min "Malam, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Na ce "haka ne Alhaji, mun yi imani da ƙaddara, amma ai cewa aka yi mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, dutsen nan naka yaushe rabon da a gyara masa fuska?" Sai ya kalle ni ya ce wane irin gyara kuma, shi a saninsa idan dutse ya daina ci to ko jabu ne ko ya mutu, a lallaɓa da shi har Allah ya hore kuɗin sabo. Shekararsa sama da goma a sana'a bai taɓa riƙe diresa ba. Ban ga laifinsa ba wallahi, don nima a haka na tashi, ogan da ya koya min bai sani ba balle ya koya min.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ko a tsohon gida a Arewa ya san dutsen niƙa. Idan an daɗe ana niƙa a kansa sai ya yi santsi, gero ya riƙa zamewa, mace ta gaji liƙis gari bai fito ba, kuma ban taɓa jin iyayenmu sun jefar da dutse don ya yi santsi ba, makoɗi ake ɗaukowa a koɗa shi ya dawo da kaushinsa a ci gaba da niƙa. To dutsen giranda ma haka yake, diresa ita ce makoɗinsa. Shi ba dutse bane da aka faso daga tsauni, a masana'anta ake haɗa shi, ƙananan ƙwayoyi ne masu tsananin tauri kamar yashi ake cakuɗawa da wani irin yumɓu a danne a gasa a wuta yadda ake gasa tangaran, shi yasa in ya faɗi yake tsagewa. Mai ruwan toka da fari da sinadarin alminiyam oksaid ake yinsu, su ne na ƙarfe, koren kuma silikon kabaid ne, na wasa kabaid irin wanda ke kan bakin diril ɗin huda kankare. Lambar da kake gani a takardar jikinsa, 36 ko 60 ko 80, girman ƙwayar take nunawa, ƙaramar lamba mai kaushi ce tana cin ƙarfe da sauri, babbar lamba mai laushi ce ta fidda kaifi. Kowace ƙwaya tamkar 'yar ƙaramar wuƙa ce tana yankar ƙarfe kaɗan kaɗan, tartsatsin nan ma ɓarɓashin ƙarfe ne da ya ɗau zafi yana ci da wuta, a tsakanin ƙwayoyin kuma akwai ƙananan ramuka da ɓarɓashin ke shiga ya fita. Da tafiya ta yi nisa sai ƙwayoyin sama su dakushe fuska ta yi sulɓi tana ƙyalli, ko kuma ramukan su cushe, musamman idan ana goga alminiyam ko tagulla ko ƙarfe mai fenti, kai har katako da roba na ga ana gogawa. Daga nan dutse ya daina yanka sai guga kawai, guga kuma zafi take kawowa. Amma ƙasan wannan dattin da bai kai kaurin farce ba sababbin ƙwayoyi na nan da kaifinsu suna jira.

Wanda ya buɗe min ido wani dattijon Bayarabe ne mai injin juya ƙarfe a Mushin kusa da kasuwar Ladipo, tsohon ma'aikacin reluwe ne da ya yi aiki a wokshof ɗinsu na Ebute Metta kuma ya zauna Zariya, don haka yana jin Hausa daidai gwargwado. Na kai masa shaf ɗin girandata ne, wato sandar ƙarfen da dutsen ke juyawa a kanta, ina cewa ya lanƙwashe don injin na rawa har sifana na tafiya a kan tebur da kanta. Ya duba shaf ya ce lafiyarsa lau, ya ce in je in kawo injin gaba ɗaya. Da na kawo ya ɗaure shi a tebur, ya juya dutsen da hannu a hankali yana kallon tazarar da ke tsakaninsa da teburin aiki, wani wuri ta matse wani wuri ta buɗe, ya ce "Malam, dutsenka ba zagayayye bane, ƙwai ne." Ya ɗauki alli ya zizara layuka a fuskar dutsen daga gefe zuwa gefe har ya zagayo. Ya buɗe wani tsohon gwangwanin taba ya fito da ɗan ƙarfe kamar guntun fensir, a bakinsa akwai wani ɗigo bai kai ƙwayar gero ba. Ya ce in koma gefe. Ya kunna ya jira injin ya ɗau gudu, ya kwantar da ƙarfen a kan teburin aiki ya danne shi da babban yatsa, ya matsa a hankali har muka fara jin tik tik tik, wato tudun ne kaɗai yake taɓawa, sai ya bi da shi daga wannan gefe zuwa wancan ya dawo, farar ƙura na tashi babu tartsatsi ko ɗaya. A hankali tik tik ɗin ya haɗe ya zama ƙara ɗaya miƙaƙƙiya, shiiii. Ya kashe. Alli duk ya goge, baƙin ya tafi, dutse ya koma ruwan toka fes kamar ranar da na saye shi, kuma rawar nan ta ragu har na ɗora hannu a kan injin ina mamaki. Ya miƙo min cizil ɗina ya ce "taɓa kawai, kar ka danna." Ina taɓawa tartsatsi ya zubo dogo dogo, cizil ya yi baki cikin ɗan lokaci kuma na riƙe bakin da yatsa ko ɗumi sosai bai yi ba. Na ce "Baba nawa zan biya?" Ya ce in biya kuɗin shayi amma in yi masa alƙawarin zan sayi nawa. Allah ya saka masa da alheri.

Abin da mutane ke fara tambaya idan na nuna musu shi ne wai daimon na gaske ne, ai daimon na masu kuɗi ne. Na gaske ne, sai dai ba irin na zoben amare ba. Akwai na haƙowa wanda bai da kyan da za'a yi ado da shi, akwai kuma wanda ake ƙerawa a masana'anta, tun a watan Disambar 1954 kamfanin General Electric a Amurka ya yi nasarar haɗa shi, kuma yau mafi yawan daimon ɗin da ake aiki da shi a masana'antu ƙerarre ne, akasari daga Chaina, shi yasa ya yi arha har ya iso hannun irinmu. Ɗana da ke karatu a kwalejin fasaha ta Yaba ya nuna min a littafinsu wani ma'aunin tauri da wani Bajamushe mai suna Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10, daimon shi ne na 10, ƙwayar dutsen giranda mai ruwan toka tana 9. Kaga ashe shi yasa daimon yake sassaƙe dutsen, don ya fi shi tauri. Masu ɗauko guntun rodi ko tsohon magagari ko bulo su danna a dutse wai suna wanke shi, dutsen ne yake cinsu, ƙarshe ma ƙara cushe shi suke.

Iri biyu na fi gani a kasuwa, wajen masu kayan aiki na Agarawu a cikin Eko da Trade Fair ta hanyar Badagry. Akwai mai ƙwaya ɗaya irin ta Baba, akwai mai faffaɗan kai kamar abin aske gemu wadda aka barbaɗa wa ƙananan daimon a fuska. Ga mai koyo ta biyun ta fi sauƙi kuma ita nake ba yarana, kwantar da ita kawai zaka yi a kan teburin aiki ka taɓa dutse da ita a hankali kana kai ta hagu da dama. Wadda nake amfani da ita yanzu kuɗinta bai kai na dutse ɗaya mai kyau ba kuma ta ga bayan duwatsu da dama tana nan. Akwai kuma tsohuwar diresa mai taurari na ƙarfe da ke juyawa, tana aiki ita ma, amma tana da ƙara da ƙura kuma tana cin dutse da yawa.

Mai ƙwaya ɗayar ita ce ke son nutsuwa, kuma a nan nake so abokan sana'a su saurare ni da kyau don na ga wanda ya saya ya lalata ta a rana ɗaya ya koma yana cewa an cuce shi. Ba a soka ta tsaye cak kamar mashi, ba a kuma ɗaga bakinta sama ta yi karo da juyin dutse. Dutsen yana juyowa ne daga sama zuwa ƙasa ta gabanka, to bakin daimon ɗin ya ɗan sunkuya ƙasa ya bi juyin, kamar digiri 10 zuwa 15, ya taɓa dutse daidai tsakiyarsa ko ƙasa da tsakiya kaɗan, in ka ɗaga shi sama zai riƙa cafka yana tsalle har ƙwayar ta ɓalle ko ta fashe. Sannan ba danna ta ake ba. A manyan wokshof abin da ake cirewa a bi ɗaya bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na milimita ba, bai kai kaurin gashin kai ba, mu da muke yi da hannu ba zamu auna haka ba amma dai a riƙe cewa shafa ce, gara ka bi sau goma a hankali da ka bi sau ɗaya da ƙarfi. Ka fara daga inda ya fi tudu, kar ka tsaya wuri ɗaya, kuma hannunka ya kafe a kan teburi kar ya riƙa bin rawar dutsen, don in diresa na gaba tana baya tare da tudun to wanke shi kawai ka yi, ƙwan na nan yadda yake. Ni dabarar da nake yi, na samu wani ɗan zoben ƙarfe mai noti na ɗaura a jikin sandar, zoben na tokare da bakin teburin aiki, sai in ja ta gefe zuwa gefe ta tafi a miƙe kamar an sa rula. In ka bi da ɗan sauri fuskar zata fito da kaushi mai cin ƙarfe, in ka bi a hankali sosai zata fi laushi, ya danganta da aikin da ke gabanka. Bayan 'yan biyo ka ɗan murza sandar a hannunka don wani gefen ƙwayar ya samu aiki, in ba haka ba gefe ɗaya zai lafe ya daina sassaƙa. Kuma daimon duk taurinsa ba ya son zafi, asalinsa ɗaya da gawayi, in zafi ya haura digiri 700 a sarari lalacewa yake fara yi, don haka a riƙa ba shi hutu ya sha iska, kar kuma a tsoma shi a ruwa yana da zafi yadda muke yi wa cizil, tsagewa zai yi. Wanda kuma yake da dutsen da shi kansa na daimon ne, wannan diresar ba tasa bace.

Ƙurar da ke tashi lokacin gyaran fa ba ta wasa bace, garin dutse ne zalla, a sa gilashin ido da takunkumi, a kori yara da masu talla daga wurin, minti biyu ne an gama.

Yanzu ga inda yatsar yaron nan ta tafi. Duk lokacin da aka gyara dutse ko aka daɗe ana aiki da shi yana raguwa, tazara tsakaninsa da teburin aiki tana buɗewa. Ƙa'idar da hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta rubuta ita ce kar tazarar ta wuce kashi 1 cikin 8 na inci, wajen milimita 3 kenan, tazarar dutse da ɗan harshen ƙarfen da ke sama a bakin murfin da ke rufe dutsen kuma kar ta wuce milimita 6. Ni na yanki ɗan fallen ƙarfe mai kaurin milimita 3 na rataye shi da waya a jikin injin, ana gama diresa a kashe, a jira dutse ya tsaya da kansa, a kwance noti a matso da teburi a gwada da fallen a ɗaure. Noti biyu ne Malam Edita, noti biyu da sifana. Amma ka zaga shagunanmu ka gani, wani ma ya cire teburin ya yar, murfin kuma tun ranar da aka canza dutse na farko ba a mayar ba wai yana ɓata lokaci.

Mutane ba sa lissafa gudun abin nan ne. Yawancin girandar da muke da ita a wutar ƙasar nan tana juyi wajen 2,850 a minti ɗaya, rubuce yake a jikin injin. In dutsen mai inci 8 ne, bakinsa na tafiyar kusan mita 30 a daƙiƙa ɗaya, ya haura kilomita 100 a awa, gudun motar da ta samu hanya a titin Legas zuwa Ibadan kenan, kuma kai kana tsaye ƙirjinka da fuskarka na saitinsa. Dutsen da ya cushe ana danna shi da ƙarfi yana ɗaukar zafi yana kuma dukan boris da kowane juyi saboda ba zagayayye bane, in akwai tsohuwar tsaga a cikinsa nan ne zata buɗe. Shi yasa kafin a ɗaura kowane dutse, sabo ko tsoho, a rataya shi a yatsa ko a sanda ta ramin tsakiya a ƙwanƙwasa shi a hankali da ƙotar sukudireba ta katako ko roba, yadda mata ke ƙwanƙwasa tulu a kasuwa kafin su biya. Lafiyayye zai yi ƙara wasai kamar ƙararrawa, tsagagge zai yi ƙara a dishe, wannan a fasa shi ma kar wani ya tsinta. Takardun nan zagayayyu da ke gefe da gefensa kar a ɓare su, su ne katifa tsakaninsa da washa, kuma a jikinsu ake rubuta iyakar gudun da dutsen zai iya ɗauka. Noti a ɗaure daidai kar a sa bututu a sifana a hau kai, na gefen hagu kuma haƙorinsa a juye yake. An ɗaura a kunna a koma gefe minti ɗaya cur kafin a taɓa, kuma sabon dutse ma yana son a ɗan bi shi da diresa don ya zauna daidai da shaf ɗinsa. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne giranda haɗin gida, a samo tsohuwar mota ta famfo ko ta wani inji a Owode Onirin a sa mata fuli da bel yadda aka ga dama, babu wanda ya lissafa juyi nawa shaf zai yi, babu murfi. Ban hana haɗin gida ba, talaka da abin da ya samu yake aiki, amma a tambayi wanda ya iya lissafin fuli kuma a ƙera murfi, ai mu ne masu waldar. Ga damina kuma, ruwan Legas kowa ya san shi, injin da ke ƙarƙashin rumfar kwano mai yoyo ko dutsen da aka ajiye a ƙasa ruwa ya kwanta a gefe ɗaya, nauyinsa ba zai zo daidai ba in an kunna. A rufe shi da leda, a ajiye na ajiya a sama wuri busasshe.

Alhaji maƙwabcina ya kawo hujjar da kowa ke kawowa, ya ce "to ai wannan abin naka cin dutse yake, ga tsada." Gaskiya ne yana ci, ido na ganin ƙurar. Amma na ce masa ya lissafa ɗayan gefen. Aikin da dutse mai kaifi zai gama a minti ɗaya cusasshe sai ya yi biyar, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da minti biyar na janareta yake nufi, masu layin Band A kuma, wato layin da ya fi samun wutar lantarki, tun Afrilun 2024 da aka kai yunit naira 225 mita ta koya musu lissafi. Ga boris da rawa ke kashewa. Ga dutsen da ake cirewa a yar da rabin ransa don kawai ya yi kwari. Sannan ga kayan mutane da muke ƙonawa, wannan ma shi ya fi damuna bayan maganar rauni. Mahautan abbatuwar Oko-Oba da masu tsire da masu yankan kaji suna kawo mana wuƙaƙe da adduna, gab da babbar sallah kam layi ake yi har da magidanta. Wuƙar da maƙeri ya ƙera da sifirin mota ya ba ta ruwa ta yi tauri, in ka ɗora ta a cusasshen dutse sai ka ga bakin ya yi ruwan ƙasa ƙasa, daga nan ya koma shuɗi, to wannan shuɗin zafi ne na wajen digiri 300, taurin wurin ya tafi ba zai dawo ba sai an cinye shi ko an koma maƙera. Mai wuƙa zai karɓa ya gwada a gashin hannu ta aske ya biya ya tafi, ya yanka abu biyu ta lanƙwashe, ya zagi maƙeri alhali mu ne muka kashe ta. Wani mahauci dattijo da nake wa wasa shekara da shekaru ya taɓa ce min "ɗana, wuƙar da ka wasa tana kai ni la'asar, ta wasu ko hantsi ba ta kaiwa, me kake sa mata?" Na ce "Baba ba na sa komai, dutsen nake gyarawa kafin in taɓa wuƙarka, kuma ga gwangwanin ruwa a gefe ina tsomawa tun kafin ta yi zafi." Kuma dabbar da za'a yanka ma tana da haƙƙi a kanmu, addini ya ce a kaifafa wuƙa a hutar da ita.

Masu aikin alminiyam, 'yan taga da masu tukwane, dan Allah ku daina zuwa aron giranda kuna goga kayanku a dutsen ƙarfe, bi ɗaya yake cushe shi ka ga fari fari ya manne a fuska. Ku nemi magagari ko faifan da aka yi don alminiyam. Haka masu wasa a gefen dutse maimakon fuskarsa, irin wannan dutsen ba a yi shi don a danne shi ta gefe ba.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyoyinmu na masu walda da maƙera a Legas, yadda ake tara mu a kan kuɗin ƙungiya da rikicin fili, a ware rabin awa a taro ɗaya a kawo giranda da diresa a nuna wa mutane da idonsu, ni na yarda in ɗauko tawa in zo da ita ko ina ne ba sai an biya ni ba. 'Yan kasuwarmu masu sayar da duwatsu su riƙa ajiye diresa kusa da su suna gaya wa mai saye amfaninta. Hukumar kula da kariya ta jihar Legas da asusun horar da ma'aikata na ITF, in suna shirya wa masu sana'ar hannu bita, a tuna akwai dubban masu koyo da Hausa kawai suke ji sosai, a samo mai yi musu bayani da harshensu. Ku kuma Malam Edita da kuna ɗan ba masu sana'a fili lokaci lokaci, kafinta da makanike da mai gyaran wuta kowa ya faɗi abin da ya sani, da an amfana, don yaranmu suna karanta ku a waya.

Shekaranjiya yaron ya dawo shago da bandeji, ba zai iya riƙe hoda ba tukuna, wato abin da ake maƙale sandar walda, yana dai zaune yana miƙa kaya. Alhaji ya aiko shi wajena, yaron ya ce "Oga wai in ji maigida ka ara mana abin nan." Na ɗauki diresa da fallen milimita 3 na tsallaka da kaina, na sa alli a dutsen, na tsayar da yaran shagon su huɗu a gefe suka kalla har baƙin ya fita, sannan na ba babbansu sifana ya matso da teburi da hannunsa. Murfin injin mun same shi a ƙarƙashin tarkace bayan shago ya yi tsatsa, mun goge mun mayar. Alhaji ya ba da kuɗi, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shiga Agarawu in sayo musu tasu.

Na gode da wannan fili, Allah ya bar zumunci. Wassalam.

Naku,
Mai walda daga Agege, Legas